Tambaya da Amsa: Gatarin aradu, kibiyoyin Tenere da masu tsintar duwatsu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon kusan duk saƙonnin da suka shigo zancen dutse ne, tun daga ɗan abin da muka taɓo kan gidan tarihi na Jos kwanaki. Na zaɓo huɗu, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili, masu su ku yi haƙuri.

Tambaya ta farko, daga wani manomi a gefen Saminaka:

"Malam barka da aiki. Bana ina cikin huɗa sai garma ta turo wani dutse baƙi sumul kamar an shafa masa mai, tsawonsa bai kai tafin hannuna ba, gefe ɗaya yana da baki irin na gatari ɗaya gefen kuma ya tsuke. Da na kai gida Inna ta ce gatarin aradu ne maza in fitar mata da shi kar ya jawo mana tsawa, maƙwabcina kuma ya ce a'a ai magani ne ma in adana. Yanzu haka yana cikin rumbu na rasa maganar wa zan ɗauka. Mene ne gaskiyar abin nan?"

Sannu da aiki ɗan'uwa, Allah ya ba da damina mai albarka. Ka gaida min Inna ka ce ta kwantar da hankalinta, ba daga sama ya faɗo ba. Gatari ne dai kam, wannan ta faɗi daidai, amma ɗan Adam ne ya yi shi da hannunsa a zamanin da babu ƙarfe ko kuma ƙarfen bai wadatu ba. Mutum zai nemo dutse mai tauri wanda ba ya saurin tsagewa, ya fara ɓalle gefensa da wani dutsen har ya kama siffa, ya bi shi da ɗan daddage a hankali, sannan ya zauna a kan fa da ruwa da yashi ya yi ta guga, ba aikin yini ɗaya ba ne, har sai ya yi sumul ɗin nan da ka gani bakin kuma ya fito. Wannan gefen da ka ce ya tsuke shi ake cusawa a ramin ƙota, kamar dai yadda ruwan gatarinka na ƙarfe yake shiga. Da shi suka sare itatuwa suka yi sharar gona, wataƙila ma gonar da kake nomawa yanzu.

To me ya haɗa shi da aradu? Ni a ganina abin a fili yake, lokacin da aka fi tsintarsa shi ne bayan an tafka ruwa da tsawa, ruwan ya wanke ƙasa ya bar shi a sarari, mutum ya fito da safe ya ga dutsen da jiya babu shi kuma bai yi kama da sauran duwatsun wurin ba, me kake so ya ce? Kuma ba mu kaɗai ba ne wallahi. Yarbawa suna ce masa edun ara, suna ajiye shi a wurin bautar Sango. Mutanen Akan na Gana suna kiransa Nyame akuma, wato gatarin Ubangiji. Turawan ma da muke gani haka suka ɗau ɗaruruwan shekaru suna soke shi a rufin ɗaki wai maganin tsawa, kuma sai a 1859 manyan masanansu suka yarda da maganar wani ma'aikacin kwastan na Faransa, Boucher de Perthes, wanda ya daɗe yana cewa duwatsun da yake samu a ƙarƙashin tsakuwar kogin Somme tare da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya aikin mutane ne. Shekara da shekaru ana masa dariya. Don haka kar ka raina fahimtar Inna, tana da abokan ra'ayi har a Turai.

Yankinku kuwa ba baƙon irin wannan ba ne. Masu haƙar kuza a ƙasar Jos da kudancin Kaduna sun yi ta turo gatura na dutse tare da gumakan yumɓun nan na Nok, wanda na farko ya fito a 1928, daga baya wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg ya bi diddiginsu a shekarun 1940, shi ne kuma ya tsaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A wuraren Nok ana samun gatarin dutse ana kuma samun alamar narkar da tama, ka ga kenan zuwan ƙarfe bai kori dutse rana ɗaya ba.

Abin da zan roƙe ka, kafin ka manta, ka koma gonar ka tsaya daidai inda garmar ta turo shi ka ɗau hoton wurin da wayarka, ka rubuta a takarda, gonar wane, kusa da wace bishiya ko wane dutse, taku nawa daga hanya. Ka ɗan dudduba saman ƙasa ko akwai tsingaro, ko kashin maƙera, ko ɓallin dutsen niƙa. Kar ka yi tono. Kar kuma ka wasa shi don ka gwada kaifinsa. Ina faɗa maka haka ne don ni na yi wannan wautar, ina yaro na tsinci ɗaya a gonar wani kawuna, kyakkyawa mai ɗan kore-kore, na kawo gida na ajiye a taga, kafin wata biyu ƙannena sun mai da shi abin fasa ƙwallon aduwa bakin duk ya ɓare, yau kuma ko za a yanka ni ba zan iya nuna maka wace gonar ce cikin ukun da yake da su ba. Dutsen yana nan a durowata, amma ba ya iya gaya wa kowa komai.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗalibi a Kano:

"Malam ina yawan kallon wasu Amurkawa a YouTube suna bin rafi da gonaki suna tsintar kan kibiya na dutse, wani ya tara ɗaruruwa ya jera a firem ya rataye a falo. Abin yana burge ni sosai. Ina so in fara irin wannan a nan, ta ina zan fara kuma babu matsala da hukuma?"

Ɗana, sha'awarka mai kyau ce, amma akwai abin da bidiyon ba ya nuna maka. A Amurka abin da ke cikin filin mutum galibi nasa ne, shi ya sa za ka ji suna cewa mai gonar ya ba su izini, suna jira a yi kaftu ruwa ya sauka sannan su bi kunya-kunya kai a sunkuye. Amma filin gwamnatin tarayya ba a tono a ciki, akwai dokar 1979 da ta hana, akwai kuma ta 1990 da ta kare kaburbura da kayan ibadar 'yan asalin ƙasar, kuma mutane sun sha ɗauri a kan haka. Wani abin kuma, yawancin abin da suke cewa kan kibiya ba na kibiya ba ne, manyan nan na mashi ne ko wuƙa, don kwari da baka bai yaɗu a yawancin yankin ba sai wajen shekara 1,500 da suka wuce, alhali tsofaffin kawunan mashin da ake kira Clovis sun kai shekara 13,000.

Bari in ba ka wani labari daga can ɗin wanda na fi so fiye da duk firem ɗin da ka gani. A 1908 an yi wata ambaliya a garin Folsom da ke jihar New Mexico, wani baƙin makiyayin shanu mai suna George McJunkin, wanda aka haifa cikin bauta, yana zagayen duba ɓarna sai ya hango manyan ƙasusuwa a jikin wani kwazazzabo da ruwa ya yanka, ya san shanu ya san ɓauna, ya ce wannan kam ba nasu ba ne. Ya yi ta faɗa ba wanda ya je, har ya rasu a 1922. Sai a 1926 aka fara tono, aka kuma samu kan mashi na dutse a cikin ƙasar da ƙasusuwan suke, amma da yake an riga an ɗaga shi daga mazauninsa manyan masana suka ce a'a, ƙila daga sama ya gangaro ya cakuɗa. A 1927 aka sake samun wani, wannan karon a maƙale tsakanin haƙarƙarin dabbar, sai masu aikin suka bar shi yadda yake ba su taɓa ba, suka buga waya aka zo aka gani da ido. Nan musu ya ƙare, aka yarda mutane sun zauna a nahiyar tun zamanin wata irin ɓauna da ta ƙare fiye da shekara 10,000. Dutse iri ɗaya ne fa da na 1926, bambancin kawai na biyun ba a ɗauke shi ba.

A Najeriya kuma dokar daban ce. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba, ta hana saye da sayarwa sai ta hannun wanda ta amince masa, ta hana fitar da su waje ba takarda, kuma wanda ya tsinci abu bisa tsautsayi ana so ya sanar cikin kwana bakwai. Na san za ka ce wa ke bin wannan, gaskiya ne ba kowa ba, amma ranar da aka tare ka a filin jirgi da leda cike da duwatsu ba za ka ce ba a faɗa maka ba.

Shawarata ka tara hoto da bayani maimakon dutse. Wayarka tana nuna lambobin wurin da kake tsaye, ka ajiye ɗan ma'auni ko biro kusa da abin ka ɗauka, ka rubuta kwanan wata, ka bar shi a wurin. Ka fara da zuwa Gidan Makama tunda kana Kano, in ka samu hali ka leƙa Jos, ka kuma nemi sashen ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suna fita da ɗalibai aikin fili. In hannunka ne ke ƙaiƙayi sai ka koyi sassaƙa naka da gindin kwalba, mutane da yawa da shi suke koyo, amma ka sa tabarau da safar hannu don ɓarɓashin ba ya wasa da ido.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan kasuwa a Damagaram:

"Malam ina gaisuwa. Wana direba ne yana bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ya kawo mini gwangwanin madara cike da 'yan ƙananan kibiyoyi na dutse, wasu farare wasu ja wasu kore, wasu bakinsu kamar zarto. Ya ce wani ya ba shi a madadin kuɗin mota. An ce mini Turawa suna saye da tsada. Na gaske ne ko jabu, kuma nawa za su yi?"

Alhaji ina amsawa. Ban gan su ba amma yadda ka kwatanta sun yi kama da na gaske, don irinsu ne birjik a hamadar Tenere. Wurin da wanka yake ratsawa yau da jarkokin ruwa a ɗaure a jikin mota, tsakanin kamar shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce ciyawa ce da tafkuna, da dorina da kada da raƙumin dawa, ai ka san zanen raƙuman dawan nan na Dabus da ke arewa da Agadas. A Adrar Bus, can gefen duwatsun Ayar, an samu kibiyoyi da gatura da wasu faifai na koren dutse masu kyan gaske da ƙasusuwan shanun gida. A Gobero kuma, a shekarar 2000 ayarin Paul Sereno da suka je neman ƙasusuwan dinaso suka faɗa kan wata maƙabarta a bakin tsohon tafki, kaburbura kusan 200, da ƙugiyoyi da masun kamun kifi na ƙashi da ƙasusuwan giwan ruwa, a tsakiyar hamada fa. Akwai kabari ɗaya da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna hannuwansu a sarƙe, sama da shekara 5,000. Mutanen da suka yi kibiyoyin da ke cikin gwangwaninka kenan ko maƙwabtansu.

Yadda za ka gane, ka ɗauki ɗaya ka shafa da yatsa. Wanda ya daɗe a rairayi iska ta goge shi, yana da ɗan sheƙi da santsi har cikin ramukan sassaƙar, kaifin layukan ya mutu, wani lokaci ma gefen da ya kalli rana ya fi ɗayan duhu. Sabon yi kuwa garau yake yana kama fata, za ka ga 'yan fararen ɓalli da suka tsage ba su gama fita ba, kuma in aka shafa masa mai ko toka don ya tsufa ruwan ɗumi da sabulu na tona asiri. Jabu ba yau aka fara ba, a Ingila tun ƙarni na 19 akwai wani Edward Simpson da ake wa laƙabi da Flint Jack wanda ya cika gidajen tarihi da na hannunsa.

Zancen kuɗi kuwa kar ka sa rai. Gaskiya ne a 2013 an sayar da wani babban kan mashi na Clovis a gwanjo a Amurka kan dala 276,000, irin labarin da ke ruɗa mutane kenan, amma wannan guda ne da aka san gonar da ya fito da wanda ya tsinta. Na Sahara an kwashe su buhu-buhu tun zamanin da masu yawon buɗe ido ke cika Agadas, sun yi yawa a kasuwannin Turai har ana sayar da su a tara kamar gyaɗa, ɗan abin da za ka samu bai kai wahalar duwan, wato kwastan, ba. Kuma Nijar tana da dokar 1997 kan kare kayan tarihi, fitar da su ba izini laifi ne. Ka tuna abin da ya faru da Bura, wurin tsofaffin kayan yumɓu a yammacin Nijar, bayan masanin kayan tarihi Bube Gado ya yi tono a 1983 duniya ta ga kayan, 'yan haƙa suka afka wa yankin suka birkice shi, har a shekarar 2000 aka sa kayan Bura da na Nok a jan jerin abubuwan da ake gargaɗin kar a saya.

Abin da ya fi ba ni takaici da na hamada shi ne can ba sai an yi tono ba, iska ta kwashe yashin ta bar komai a fili yadda masu shi suka tashi suka bari, ga murhu ga dutsen niƙa da ɗansa ga inda mai sassaƙa ya zauna ɓarɓashi ya kewaye shi. Mutum ɗaya da buhu zai share wannan a yini guda. Ba ina zagin wanda ya ba wanka ba ne, talauci ne, ya tsinci abin da zai biya kuɗin mota. Ka tambayi wan naka ko mutumin ya faɗi sunan rijiya ko dutsen da ya tsinto su kusa da shi, ka rubuta ka jefa cikin gwangwanin, in ka je Yamai ka kai gidan tarihi na Bubu Hama ko cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH su duba.

Tambaya ta ƙarshe, daga wata baiwar Allah a Bukur:

"Malam don Allah ka yi wa maigidana magana, yana karanta shafinka. Tun da ya yi ritaya kullum sai ya dawo da duwatsu a aljihu daga tsofaffin ramukan kuza wai kayan mutanen da ne masu shekara miliyan, ƙarƙashin gado ya cika, aljihun riguna duk sun yage. Ni dai tsakuwa nake gani. Ta yaya ake sanin shekarun dutse?"

Hajiya na ji, amma ba zan shiga tsakanin mata da miji ba, iyaka in ba ku abin da za ku yi alƙalanci da shi ku biyu. Shi dutsen kansa ba a auna ranar da aka sassaƙa shi, awon kabon da kike ji na abin da ya taɓa rai ne, gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi da aka samu tare da shi a shimfiɗar ƙasa ɗaya, kuma ba ya wuce kamar shekara 50,000. Waɗanda suka fi haka tsufa, irin na Lomekwi a Kenya masu shekara miliyan 3.3, da tokar aman wuta da ke sama da ƙasansu aka gane. Ramin kuza kuwa an riga an juya ƙasarsa an wanke, don haka na maigida sai dai a yi kirdado daga siffa. Amma kar ki yi saurin yi masa dariya, a Mai Idon Toro nan kusa da ku an samu manyan gatura na hannu irin na tsohon zamanin dutse, kuma aikin kuza ne ya fito da su.

Ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi ku zazzage su duka. Wanda mutum ya ɓalla da gangan yana da ɗan fili a kai inda aka doka, a ƙasan wurin akwai ɗan kumburi kamar ƙulun goshi, wani lokaci da layuka masu zagaye kamar an jefa tsakuwa a ruwa, bakinsa kuma za ki ga ƙananan ɓalli a jere gefe ɗaya kamar an yi da niyya. Farar ƙanƙarar dutse da ta yi yawa a wajenku tana da wuyar ganewa ko ga masana, waɗannan ku ware su daban. Duk wanda ba shi da ko ɗaya cikin alamun nan naki ne, ki cike ramin bakin ƙofa da shi. Sauran kuma Baba ya sa kowanne a 'yar leda da takardar inda ya samo shi, ya hau mota ya kai gidan tarihi na Jos a duba masa, ai tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, ki kuma ɗinka masa 'yar jaka ta buhu saboda aljihun.